Geron da na binne ƙarƙashin gadon Inna

Shekarun baya can, zamanin Nasara, bayan yunwar da fara ta jawo, kumandan, wato Baturen mulki, ya ce kowane gida ya kai gero rumbun ajiya na gwamnati. Lokacin ina sabon magidanci a Gure. Ko allo ban yi nisa ba, amma gani nake duk garin babu mai wayona. Na rantse geron da na noma da gumina ba zai shiga hannun gardi, ɗan sandan kumandan, ba.

Ranar da mahaifiyata ta tafi suna Kelle, na shiga ɗakinta, na janye gadon kara, na haƙa rami, na juye gero, na rufe da tabarma da ƙasa. Wane gardi ne zai leƙa ƙarƙashin gadon tsohuwa? Abin da wayona ya manta, gidanmu a bakin kwari yake, ga damina ta kankama.

Ba a yi wata ba ɗakin ya fara wari kamar jiƙaƙƙen bunsuru. Inna ta kama tari. Matata, da yake ita ke share ɗakin, kullum atishawa, ido jajur. Zuciyata ta raɗa mini dalili, na ce wa zuciyar ta yi mini shiru.

Gwaggona ta zo, ta buɗe hanci ta shaƙa. Ta ce, "Wannan ba mura ba ce, mutanen ɓoye ne suka tare a ɗakin nan." Ta sa aka toshe taga da tsumma, aka ja ƙofa, aka cika ɗakin da hayaƙin turare, Inna na ciki. Sannan ta ce sai an yanka jan zakara. Nawa ne kaɗai ja a unguwar. Ina gaigayar cinyarsa ina cewa Allah Ya raba mu da sharrinsu, alhali aljanin ne zaune yana lashe yatsu.

Abu ya yi tsanani. Ƙirjin Inna sai fito yake, ko Fatiha ba ta kaiwa ƙarshe sai ta huta. Wani hantsi ta kira ni, ta ce, "Ɗan nan, numfashina ya ƙare. Ka riƙe ƙannenka, ka yafe mini."

Na ce, "Inna, akwai gero a ƙarƙashinki."

Ta ce, "Akwai me?"

Aka fito da ita, na tone ramin a gaban kowa. Geron ya dunƙule, funfuna koriya da baƙa ta lulluɓe shi, ta hau ƙafafun gadon har bayan shimfiɗarta. Jakinmu ya sansana ya kau da kai.

Muka ƙone gadon da tabarmin, muka buɗe taga, muka kwaso sabon yashi daga tudu. Inna ta koma rumfar zana inda iska ke ratsawa. Sannu a hankali tarin ya lafa, nata da na matata. Ranar da ƙarfi ya dawo mata, ta ce, "Matso in sa maka albarka." Na durƙusa na miƙa kai. Ashe muciya ce ɓoye a bayanta.

Har yau in damina ta faɗi, ba na zama a ɗaki sai na shinshina kusurwoyi, jikoki na yi mini dariya. Ku yi ta dariya, ni na san abin da laima ke yi wa ƙirji. Inna ta daɗe a duniya bayan nan, ta ga 'ya'yana sun yi aure. Sai dai duk ranar da na ce zan gyara mata ɗaki, sai ta ƙwala wa matata kira: "Zo ki tsaya a kansa, kar ki ƙifta ido."