Na Je Riyad Ɗauko Jikata, Na Dawo Ni Kaɗai

Ana idar da sallar asuba muka bar Kazaure, ni da wata maƙwabciyata da za ta wajen mijinta a Jidda. Abin da ya tashe ni, ɗana na fari ne, wanda ya haura shekara ashirin yana tuƙin mota a Riyad. Ya aiko mini da bizar ziyara da tikiti, ya ce in je in taho da 'yarsa. Ta gama sakandare a can, yana so ta yi karatun likita a gida, ta zauna a wurina. Ban ɓoye muku ba, na yi murna, don gidan ya yi mini girma tun rasuwar Malam.

A Kano muka hau jirgi. Sanyin ciki ya sa na rufa da mayafi har ka, shinkafar da suka kawo kuwa loma huɗu ce in an yi sannu. A Jidda muka rabu da maƙwabciyata. Wani ma'aikaci ya dube ni ya kawo keken marasa lafiya ya ce in hau. Ƙafata lau, amma da na hangi tsawon wurin ban yi gardama ba.

Riyad kuwa, da jirgi na biyu ya sauke mu aka buɗe ƙofa sai na ji kamar na leƙa bakin tanderu. Tituna shimfiɗe, mota bayan mota, ba ɗan acaɓa, ba akuya, ba mai talla, mai tafiya a ƙasa ma sai an tona. Yaron ya zo tarbata da matarsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, na kawar da kai na tambayi matarsa lafiyar gida. Haka muka taso a wajenmu: ɗan fari ba a kama sunansa, ba a zaman hira da shi. Tun yana goye, in ina da magana da shi sai ta bi ta bakin wani.

A Jaradiya suke zaune, tsohuwar unguwa mai ƙananan lunguna, kowace taga da na'urar sanyi tana ɗigar ruwa. Akwai mutanen Maraɗi da na Damagaram da yawa, har wani mai wankin mota ya ji ina Hausa ya bi ni da gaisuwa zuwa ƙofar gida. Da safe ana sayo wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis, riyal ɗaya, a ci da dafaffen wake. Ran Juma'a sai kabsa, shinkafa da kaza a faranti ɗaya. A kantin unguwa kowane kaya da kuɗinsa manne a jiki. Na taya tumatir, mai kantin ya dube ni kamar na zage shi.

Yarinyar takwarata ce, shi ya sa ubanta yake ce mata Ummi. A can aka haife ta. Larabci a bakinta kamar ruwa, Hausarta kuwa tana ɗingishi. Ranar da na sauka ta kira ni kaka da Larabcinsu, ta ce, "Jadda, ke ya gaji?" Na ce, "Wa ya gaji? Ni dai mace ce, takwara." Ta yi dariya ta ɓoye fuska.

Kwana huɗu ina lura da akwatinta a buɗe a gefen gado, ba ko ɗankwali a ciki. Na tambayi uwarta. Ta rage murya ta yi mini bayani. Kowane baƙo a ƙasar yana da katin zama da suke kira igama, na yarinyar kuma a ƙarƙashin na ubanta yake. Ran Lahadi zai danna waya ya yi mata abin da suke kira huruj niha'i, wato fita ba dawowa. In ya danna, katin ya mutu, sai dai ta bi ni.

Washegari yarinyar ta ce za ta kai ni in ga jirgin ƙasansu. Riyal huɗu aka biya mini. Jirgin ba shi da direba, na duba gaba da kyau, babu. Akwai ɓangaren mata da iyali, a nan muka zauna. Wani lokaci ya shige ƙarƙashin ƙasa, wani lokaci ya hau sama muna kallon rufin gidaje. Ita ke karanta alluna, ita ke cewa a sauka a nan a canza. Ashe ba jirgi ta kai ni gani ba. Mun yi ta tafiya har bayan gari, sai ga wata jami'a ta mata, girmanta ya kai wani garin. 'Yan mata suna ta shiga da jakunkuna, wasu suna cin abu a tafe.

A nan ta buɗe mini cikinta, rabi Hausa rabi hannu. Ta ce akwai gurbin da ake ba 'ya'yan baƙi mazauna ƙasar, suna kiransa minha. Ba kowa ke samu ba, kuma likitanci ba kasafai ake bayarwa ta wannan hanyar ba. Ita lissafi take so, ta koyar. Ta cike komai a waya, saura amincewar uba. Sharaɗin kuma sai mai igama da rai, kuma ran Alhamis ake rufewa.

Na ce, "Kin faɗa masa?"

Ta ce, "Baba ya ce halas. Likita, Nijeriya, halas." Halas ɗin tasu ta Larabci ce, wato magana ta ƙare.

Ni ban zauna a aji ba, amma na san a gida da Turanci ake karatun. Na zaro takardar da ke cikin kwalin maganin hawan jinina na miƙa mata. Ta karanta, ba a ce ba ta karanta ba, amma irin tafiyar mai tsallake kwata, ta tsaya nan ta yi tsalle can. Na karɓe abata na mayar.

Da muka koma na aika masa da tambaya ta bakin matarsa, kamar yadda aka saba. Amsar da ta dawo ita ce wani mutum a gida ya ce a kawo ta kawai, wuri yana nan. Na sake aikawa. Ta dawo ta ce ya ce kada Hajiya ta damu. Saƙo in ya bi ta hannu biyu, kafin ya isa ya huce. Ita matar tana tsoron ɓata masa rai, tana rage wa maganata gishiri a hanya.

Ran Asabar da hantsi ya ɗauke ni zuwa Suwaidi sayen tsaraba. Unguwa ce mai cunkoso, kantunan turare da dabino da abaya jere da juna. Matarsa ba ta biyo mu ba. Ina zaune a baya ina kallon ƙeyarsa, har furfura ta fara fito masa ban sani ba. Gobe Lahadi, ba kuma wanda zan aika.

Na ce, "Kai."

Ya kashe rediyo. Ina jin bai taɓa jin na kira shi haka kai tsaye ba.

"Takardar da ta nuna an ɗauki yarinyar nan a gida, tana ina?"

"Hajiya, ai mutumin ya ce..."

"Ban tambaye ka mutum ba. Takarda."

"Babu tukuna."

"Makarantar, ka taɓa taka ta?"

"Na gani a waya."

"Jarrabawar da yaran gida suke yi kafin a ɗauke su, ta yi?"

Ya nemi wuri ya tsayar da motar a inuwar wani kanti, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Can ya ce, "Hajiya, shekara ashirin ina buɗe wa mutane ƙofar mota. So nake a ce 'yata likita ce. Kuma ga shi ke kaɗai ce a gida."

Na ce, "Kaɗaicina ba makaranta ba ne. Nijeriyar da ke kanka ta shekara ashirin ce, ni ta jiya na baro. Yaran da suka tashi da Turancin ma suna shekara biyu uku a gida suna jiran gurbi. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Ka bar katin nan da ransa, ka bari ta nema a nan. In ba a ba ta ba, ta gyara Turancinta, ta yi jarrabawar gida, ka ga takarda da idonka, sannan ka danna abin da za ka danna. Kuma ka tambaye ta me take so, ita za ta zauna a ajin."

Muka shiga muka sayi dabino da turare. Shi ya ɗauki kayan, ni ina gaba, muka koma yadda muka saba.

Lahadi ta zo ta wuce, bai danna ba. Ran Litinin bayan la'asar na ji su a falo shi da 'yarsa suna ta Larabci, muryarsa ta hau, ta sauka, ta sake hawa. Ban fito ba. Daga baya uwarta ta leƙo ta ce ya amince, an tura takardar neman gurbin.

Kwanana goma sha tara na juyo. Jirgi ya sauke ni a Kano da rana tsaka, na shiga motar Kazaure, ramukan hanya suka yi mini sannu da zuwa ɗaya bayan ɗaya. Matan unguwa suka cika gida ganin 'yar Riyad, suka tarar da ni da buhun dabino. Wasu suka ce na yi sake, jika har hannu na bari. Ban musa musu ba.

Abin da na ɗauko a tafiyar nan, ga masu 'ya'yan da suka kai shiga jami'a, ba shi da yawa. Kada ku rufe ƙofar da ke hannunku sai kun ga takardar ɗauka, ba alkawarin waya ba. Ku san harshen da ake karatun da shi, ku san ranar da ake rufewa, don ranar ba ta jiran uba ya huce. Wanda zai iya, ya je ya taka makarantar da ƙafarsa. Ku kuma yara, abin da kuke so ku faɗe shi da baki tun da wuri. Akwatin da aka ƙi shiryawa ba kowane uba ke gane maganarsa ba. Ni ma na koyi nawa: akwai ranar da kunya ba ta da amfani.

Kwanci tashi, bayan wata biyu aka ce an ɗauke ta, lissafin kuma aka ba ta. Ranar da ta fara zuwa ta kira ni da yamma. Ta ce ta ɓata sau biyu a cikin ginin, har ta zauna rabin awa a ajin da ba nata ba, kunya ta hana ta tashi. Na ce matambayi ba ya ɓata, gobe ki tambaya tun daga bakin ƙofa, kuma kada ki fita ba ki ci komai ba. Ta ce to, Jadda. Muka yi sallama, na tashi na ɗora tukunyar mutum ɗaya.