Shanun da ba su da jangali

Babana babban likita ne a Tasawa, albashinsa kuwa ko 'yan kasuwa suna zancensa. Amma gidan da muke ciki na gwamnati ne, ranar da ya ajiye aiki ranar za mu fita. Kullum maganar Inna ɗaya ce: "Malam, ka gina mana namu."

Shi ko sai ya yi dariya. Ya ce in ya gina gida da kantuna, ga haraji iri-iri, su fatanti da lanho, ga sojoji masu tambayar ma'aikaci inda ya samu. Shanu fa? An soke jangali, suna can daji ba mai ganinsu, kuma kowace shekara sai sun haihu. "Bulo yana haihuwa ne?" in ji shi. Inna ta ce bulo ba ya haihuwa, amma ba ya jin ƙishirwa. Wallahi Baba akwai taurin kai! Duk abin da ya tara ya zuba a garke, ya damƙa wa wani makiyayi a arewacin Mayahi.

Shekarun farko kam ya ci riba. In an kawo man shanu sai ya ɗaga ƙwaryar yana tsokanar Inna, wai ga kuɗin haya daga gidansa mai ƙafa huɗu.

Sai damina ta ƙi. Aka ce ya sayar, ya ce ba zai ba da saniya a farashin akuya ba, a jira ruwa. Ruwan bai zo ba. Makiyayin ya kora su kudu, suka dinga faɗuwa a hanya, har ya aiko cewa ba saura.

A ranin nan Baba ya ajiye aiki. Muka loda kaya a kamiyo, babbar motar kaya, muka nufi garin Cake, inda ƙanensa ya ara mana ɗaki biyu. Gefen hanya duk mushen shanu ne. Da ya hango ɗaya sai ya buga jikin motar don direba ya tsaya, ya sauka, ya durƙusa yana duba lambar da ke cinyarta. Ya dawo ya ce, "Ba tawa ba ce." Mu yi gaba kaɗan, ya sake bugawa. Har yau ina tuna durƙuson nan.

Da ya sake miƙa hannu zai buga, Inna ta riƙe shi a hankali. Ban taɓa ganin ta taɓa shi a gaban mutane ba.

"Malam, zauna," ta ce. "Ko taka ce, me za ka yi mata?"