Rigar da na je nema wa Hafsatu a Gwanzu

Na yi wannan tafiya shekara ta biyu bayan wahalar canjin kuɗi, damina huɗu da rasuwar Malam mai gidana. Da bakina na faɗa aka rubuta, don masu tambaya sun yi yawa.

Mu marina ne uwa da uba, kuma ban taɓa ɓoye hannuna a gaban kowa ba. Jikata Hafsatu ta samu miji a gidan sarauta, su suka ga juna. Ana shirin biki sai gwaggon ango, Hajiya Bilki, ta aiko wai kada a sa wa amarya alkyabba ranar kai ta, a gidansu sai 'yar da ta gada. Hafsatu ta ce ba komai, amma na ga tuwonta yana kwana. Ita kuwa ba ta da abin so kamar finafinan sarakunan Koriya na dā, ni ma nakan zauna kusa da ita ina duba ɗinkin. Sai na ce da ubanta, ɗana Sabi'u mai saro kaya a Cana, wannan karon ƙafarsa ƙafata. Jikata ba za ta shiga gidan nan kamar wadda aka yi wa alfarma ba.

Daga Kano

Ana kiran assalatu muka fita, Sabi'u na tsoron layin awon kaya. Jirgi bai tashi ba sai bayan azahar. Muka sauka Habasha, muka canza wani, muka yi ta tafiya har na daina sanin sallar da ake ciki. Da muka sauka Gwanzu a Cana wani ɗan kare ya zo yana sunsunar jakata. Kilishin da na ɓoye cikin zani ya jiyo, aka karɓe shi cikin ladabi. Kilishin bai dame ni ba kamar wankin jakar.

Shawbe

Nan ce unguwar da mutanenmu ke sauka. Wanda ya tarbe mu Isuhu ne, ɗan Maraɗi mai yi wa Sabi'u lodin kwantena, ya daɗe a garin har yana faɗa da direbobi da yarensu. Ya kai mu masauki hawa na sama, ɗaki kamar akurki amma tsaf. Abinci taliya ce da Musulmin ƙasar ke ja da hannu, a ba ka tsinke biyu wai ka ci da su. Na wanke hannuna na ci abina.

Washegari muka shiga dogon benen Tiyanshu, Isuhu na nuna hoton rigar sarauta ta finafinan Hafsatu a waya shago shago. Kowa ya duba sai ya ce “meyo”, wato babu. Wani ya fito da wata ja mai tsaga har cinya, na ce ya mayar kafin alwalata ta karye. Da la'asar Isuhu ya tuna akwai titin da 'yan Koriya ke zama, can wajen arewa.

Titin 'yan Koriya

Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka shiga, wata budurwa ta tashi ta ba ni kujera. Shagon da muka samu yana saman wani gidan gasa nama. Mai shi tsohuwa ce sa'ata, kakanninta 'yan Koriya, ita kuma an haife ta a arewacin Cana inda ƙanƙara ke rufe ƙofa. Tana yi wa amare da masu fim ɗinki.

Na ga kaya. Ga na mayaƙa, riga mai kauri an jera mata ƙusoshin tagulla kamar lifidi, ga hula mai gashin ɗawisu. Ga na fadawa, kowa da murabba'in aiki a ƙirji: mai alƙalami tsuntsu mai dogon wuya, mai takobi damisa. Daga nesa ka san matsayin mutum, kamar rawani a wurinmu. Can ƙarshe sai ga wata ja jawur, an zagaye wani macijin zinare mai farata a ƙirji da baya da kafaɗu. Na ce wannan.

Matar ta tambayi wa zai sa. Da Isuhu ya ce amarya, sai ta zare rigar daga hannuna ta rataye. Ta ce ta namiji ce, namijin ma ɗaya tak a ƙasa, sarki. Mai fim ya zo ta ba shi, amma ba za ta bari a yi wa yarinya dariya ranar aurenta ba. Sabi'u ya fara zancen ƙari, ta girgiza kai.

Na ɗauki mayafina na ce, “Ashe har nan akwai su Hajiya Bilki. Ku tashi mu tafi.”

“Inna, tsaya mu ji mi taka cewa,” in ji Isuhu. Wai tana tambayar abin da ya raba tsohuwa da gidanta saboda riga. Na ce ya gaya mata duka, kada ya rage. Tana ji tana kallon hannuna, sai ta kama ta juya, ta ga shuɗin da ya zauna a gindin farcena. Ta ce ita uwarta manomiyar shinkafa ce. Ta shiga ciki ta daɗe.

Abin da ta fito da shi ja ne a waje, shuɗi a ciki, furanni tun daga kafaɗa har ƙasa. Hannuwan faɗi kamar na babbar riga, da ratsin rawaya da shuɗi da ja, bakinsu fari mai rufe yatsu. Ta ce wannan tufar 'ya'yan sarki ce, amma a ƙasar kakanninta an yarje wa kowace yarinya, ko 'yar wa ce, ta sa ta ranar aurenta. A irin ta aka kai uwarta, ƙauyen gaba ɗaya guda ɗaya gare su, ana aro. Na sa Isuhu ya maimaita mini, don kada ya zama daɗin baki ya ƙara.

Na roƙa a cire tsuntsayen da ke jiki a bar furanni, ta yarda. Da aka zo awo na kwance tsumman da na auna Hafsatu da shi, ƙulli na kafaɗa, ƙulli na hannu, ƙulli na tsawo. Sabi'u ya sunkuyar da kai. Ita ko tambaya ba ta yi ba, ta shimfiɗa ta bi ƙullin da alli. Da ta kai na tsawo ta ɗaga ido ta yi dariya, ta nuna rufin ɗaki.

Mako muka jira. Ranar karɓa ta sa ni na yi ta ɗaura wa Isuhu ɗamarar har na iya, shi kuwa yana roƙo kada 'yan Maraɗi su ga hoton.

Gida

Rigar a cinyata ta dawo, ban yarda an jefa ta cikin kaya ba. Hafsatu ta sa, ta juya a tsakar gida, ta ce yunwa take ji. Labari ya kai gidan su ango, sai ga Hajiya Bilki da kanta. Ta shafa aikin, ta juya cikin, sannan ta tambaye ni.

“Hajiya, wannan kuma ta wace sarauta ce?”

“Ta amare. A can duk wadda za a kai ɗaki ta gada.”

Ta ce to Allah ya sa alheri, sannan ta tambaya a hankali ko matar na karɓar aiki daga nesa, tana da 'yar auta.

Na gode Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Isuhu da matar nan da ban iya faɗin sunanta ba. Biki bayan Babbar Sallah. Cikin matan da suka raka ni ɗakin Malam lulluɓe da baƙin zanen rininmu, saura Yahanasu da Iya Tabawa. Iya ba ta gani sosai yanzu, amma na aika mata cewa ta zo, za ta taɓa da hannu.