Hannun Yaya Haliru a cikin akushi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Haliru, wanda ya koyar da adabin Turanci a wata sakandare a Gummi. Ba shi da yawan magana, kuma ba zan yi masa ƙari ba.

Abin da ya kusa raba shi da aikinsa littafi ne. Wani Bayahude ya rubuta shi, wanda ya tsira daga sansanin gwale-gwale a Turai. Da shi Yaya yake nuna wa ɗalibai ire-iren rikicin da ke cikin labari: mutum da mutum, kamar fursuna da mai gadi, mutum da hukumar da ta kulle shi, mutum da yunwa da sanyi. Na ƙarshe shi ne mutum da kansa, kuma nan yake daɗewa. Akwai inda marubucin ya riƙe gutsuren burodi, ɗan'uwansa na kwance ba lafiya, yana shawarar ya ba shi ko ya ɓoye.

Iyaye suka ji ana karanta wa 'ya'yansu labarin Bayahude, suka kai ƙara. Aka kira Yaya gaban shugaban makaranta da dattawa, ni kuma na raka shi. Wani dattijo ya ce a kore shi, ya tambaye shi me ya haɗa shi, ɗan garin Nasarawa Burkullu, da yunwar Yahudu.

Yaya bai kare littafin ba. Ya tuna musu shekarar da gero ya ƙi, muna yara, Inna na zuba mana tuwo a akushi ɗaya. A gidanmu babba ke fara tsame hannu, ya bar wa ƙarami saura.

Ya ce, "Kullum ni ka fara tashi, amma ba don na ƙoshi ba. Faɗa ni kai da hannuna kahin ya fito. Wanga mutum ya san faɗan nan, shi ya sa ni ka karanta shi."

Aka bar masa ajinsa, da sharaɗin ya ajiye littafin a gida, ya kuwa ajiye.

Yanzu ɗalibai na haddace ire-iren rikicin nan don jarrabawa, su zuba su a takarda su wuce. Da yana raye, ina jin zai ce ba laifi, sauran bayanin rayuwa za ta yi musu. 'Ya'yana kuwa kowa da kwanonsa, ba mai jiran wani ya tashi.

Ban san inda littafin ya shiga ba. Abin da ya rage mini shi ne ni ne ƙaramin da ke suɗe akushin nan, kuma har ranar da ya faɗa a gaban dattawa, na ɗauka Yaya ba ya son tuwo ne.