Gurbin Yayana a Shafin Garinmu

A ɗakin da na kama haya a unguwar Mairi na koyi tsara shafin intanet, daga ni sai tsohuwar kwamfuta mai zafi kamar dutsen guga. Abokan karatuna duk sun watse. Malamin da nake kallo a bidiyo shi ne abokin hirata, shi kuwa ko sallama ba ya amsawa.

Kullum karatunsa ɗaya ne: kowane abu a shafi ya sami gurbi guda, inda mai nema zai same shi ba lalube. Don gwaji sai na ɗauko hotunan mutanen garinmu na bakin tafki, garin da rikici ya tarwatsa, waɗanda na daɗe ina tarawa daga wayoyin dangi. Na ɗauka abin kamar shan ruwa ne. Na raba su gida biyu: masu rai, da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Sai na iso kan hoton yayana. Ranar da muka gudu ya koma don ya kwance awakinmu, har yau shiru. Ba mu ga gawa ba, ba a yi masa salla ba. Na sa shi cikin masu rai, na cire. Na nufi ɗaya ɓangaren, hannuna ya ƙi. Na huce haushina a kan malamin, na rufe shi ruf yana tsakiyar magana. Kaɗaici bai taɓa cina kamar yinin nan ba.

Amma malamin nan dai yakan ce idan tsari ya cije, a bar masu amfani da shafin su jera kayan da hannunsu. Na wanke hotunan na kai wa mahaifiyata a Khaddamari, inda take zaune gidan ƙanenta. Ta baje su a tabarma. Ba ta tsaya tantance wa ya rasu ba. Gida-gida ta bi, kamar mai rabon goron biki: gidan liman, gidan maƙera, masunta na bakin kwata inda kwale-kwale ke tsayawa, kowa da iyalinsa.

Na miƙa mata na yayana, na tambaye ta inda za a sa shi.

Ta dube ni ta ce, "Ɗana, yana da wani gidan ne ban da na ubanku?"

Ta ajiye shi tsakanin hotona da na marigayi babanmu.

Haka na tsara shafin, haka yake har yau. Masu shiga ba su da yawa, sau tari ma ni kaɗai ne. Nakan danna gidanmu, in tarar da mu a cike.