Gwangwanin Kyaftin

Ni fa tun farko ba da ni aka ƙulla ba, jawo ni aka yi. Ina kwance a gadona na sama ina cin data, ban tsokani kowa ba, Kawu ya finciki ƙafata ya ce, "Sauko, ɗan banza, yau surutunka zai yi rana." Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Shi ya yi mini hanyar Doha da ya ga na yi sallama da boko a aji uku na sakandare, na koma zaman majalisa a Fagge ina laƙa wa mutane suna. To wanda ya ɗauke ka daga bakin kwata ya ɗora ka a jirgin sama, in ya ce sauko, ai sai ka sauko.

Lokacin korona ne, an garƙame mu a masaukin kamfani a Sana'iyya, unguwar masana'antu da ke bayan Asian Town. Aikinmu shara da goge-goge a filayen ƙwallon da ake ginawa don Kofin Duniya, sai cuta ta zo aka ce kowa ya zauna. Get a rufe, abinci a layi, motar asibiti ta zo ta ɗauki mutum ba ka san ranar dawowarsa ba. Ga jita-jitar za a rage ma'aikata, kuma wai duk wanda aka taɓa kai ƙararsa wajen kambos, wato mai kula da masaukin, sunansa ne a saman takarda.

Mu biyar ne a ɗakin, duk 'yan Najeriya, sai aka cike mana gado na shida da wani dattijo ɗan Zangon Kumasi. Gajere ne, ga furfura, kunnen hagu ba ya ji. Ranar farko na tambaye shi sana'arsa kafin shara, ya ce sojan ruwa ya yi a ƙasar Turawa, a jirgin ruwan yaƙi wanda jiragen sama ke tashi da sauka a bayansa.

Na ce, "Jirgi a kan jirgi? Baba, ai ni ma na taɓa faka tirela a kan a-daidaita-sahu."

Nan take na sa masa Kyaftin, sunan kuwa ya bi shi har ɗakunan 'yan Nepal.

Da ƙarya ce kawai da ba wanda zai damu, kowa a Sana'iyya babban mutum ne a garinsu. Halayensa ne suka tayar wa ɗakin hankali. In zai shiga ƙofa sai ya ɗaga ƙafa sama ya tsallake, kamar an binne wani abu a dokin ƙofar. Kafin ya fita sai ya zazzage aljihunsa tas a kan gado. Babbar maganar kuma, kullum da hantsi zai fita tsakar masaukin da gwangwanin madara, ya fara daga wannan katanga zuwa waccan, kai a ƙasa, taku ɗaya ɗaya, yana tsintar abubuwa yana jefawa ciki. Ya sunkuya a ƙofar ɗakin wani, washegari motar asibiti ta ɗauki mutumin. Bayan kwana uku ya sunkuya kusa da takalman Kawu, ƙafar Kawu ta kumbura.

Shi ya sa aka sauko da ni ranar nan, Kyaftin yana wanka. Kawu ya rage murya ya ce, "Sawu yake ɗiba. Na san irinsu. Kai da ba ka da kunya, bi shi, ka ja shi da hira, ka gano mana abin da ke cikin gwangwanin nan. In mun samu shaida, kambos za mu kai shi."

Na ce, "Kawu, ƙafar nan fa, ba zaman wuri ɗaya da gishirin indomi ba ne?"

Ya ce, "Uwarka ce likita?"

Ko gama shawarar ba mu yi ba sai ga Kyaftin ya dawo da tawul. Wankansa bai fi ƙiftawar ido ba, shi ma Kawu ya lissafa shi cikin alamomi.

Washegari na bi shi tsakar gida, na tsaya ta gefen kunnensa mai ji. Na ce, "Kyaftin, me ya faɗi? In zinare ne a raba."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Massa," wato maigida a bakin mutanen Kumasi, "in za ka bi ni, shiga layi. Buɗe hannu, ka tsaya daidai kafaɗata, ka dubi ƙasa. Ba a hira da ido a sama."

Haka na zama ɗan layinsa, mu biyu kamar masu neman allura. Ni dai idona na kan hannunsa, ina jira in ga ya damƙi ƙasa ko ya motsa baki da wani karatu. Ƙusa ya ɗauka. Sai murfin kwalba. Sai ɗan tsakuwa da bai kai ƙwayar masara ba.

Kullum ina ɗana masa tarko. Na ce maƙaryaci ba ya maimaita labari iri ɗaya, sai in tambaye shi abu yau, in sake juyo da shi jibi. Gadonsu? Hawa uku, in ka kwanta hancinka na gaisawa da gadon sama, ga labule ka ja, kamar an gwada maka kabari. Jibi na ce, "Gadon nan naku mai hawa huɗu," ya ce, "Uku." Wanka? Ka jiƙa jiki, ka kashe famfo, ka sa sabulu, ka ɗauraye, ka ba wani wuri. Ƙofofin cikin jirgin duk da ƙarfe a ƙasa, sabon zuwa sai ya fasa ƙwauri sau goma kafin ƙafarsa ta koyi tsallakewa. Da ya faɗi wannan na ce a raina, ai mai wayo shi ma zai tanadi amsa.

Ya ce a saman jirgin ba a jin magana saboda ƙarar injina, da launin riga ake gane kowa. Masu rawaya su ke nuna wa matuƙi hanya da hannu, masu ja su ke ɗaura bom. Shi mai zuba mai ne, yana jan mesa mai kaurin cinya, rana na dukan ƙarfe har tafin takalmi ya yi laushi. Ɗakin kwanansu na ƙarƙashin inda ake harba jiragen, duk tashi ɗaya sai ka ji kamar an saki kwantena a kan rufi. Wai nan kunnen ya tafi.

Na ce, "To salla fa? Ko an ɗage muku?"

A nan ne kawai na ga ya yi dariya. Ya ce jirgin ba ya harba jiragensa sai ya juya ya fuskanci iska, don haka ka tayar da kabbara kana duban gabas, ka sallame kana duban inda ka fito. Har ya gaji ya bar wa Allah lissafin.

Na ce, "Yaƙin fa? Mutum nawa ka kashe, Kyaftin?"

Ya tsaya. Ya daɗe yana juya wata 'yar waya a yatsunsa kafin ya jefa ta gwangwani. Ya ce wata da watanni a tekun nan da ke bayan Doha, bai ga abokin gaba ko ɗaya ba, bai ga ƙasa ba ma. Abin da ya gani, jirage su tashi da nauyi a ƙarƙashin fiffike, su dawo wayam. Ba mai cewa ina aka sauke kayan, shi ma bai tambaya ba. Ya ce, "Ni mai na zuba." Ya mayar da ido ƙasa har muka kai katanga.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, na fito masa da shi ƙiri-ƙiri. "In da gaske ne, me ya kawo ka ɗakin mutum shida kana shara da mu?"

Ya ce, "Ba duk wanda ya shiga teku ke fitowa da kifi ba." Shi ke nan amsar. Wallahi har yau ba ta ishe ni ba.

Kawu kuwa ya matsa mini. Kullum, "Ina shaida? Ko ya shanye ka ne?" Ranar wata Juma'a Kyaftin ya shiga wankansa na walƙiya, na jawo gwangwanin daga ƙarƙashin gadonsa na juye a kan tabarma. Ƙusoshi, noti, murafu, guntun cokalin roba, maƙallin takunkumi. Sai ga maɓalli ruwan ƙasa. Kawu ya dubi gaban jallabiyarsa, wajen maɓalli na biyu ba komai. Ni kaina sai da na ja da baya.

Kawu ya ce, "Kalas, magana ta ƙare." Ya fara cusa kumburarriyar ƙafarsa a takalmi. Sauran ukun suka miƙe, za a tafi wajen kambos gaba ɗaya, kuma ni ne mai ba da shaida tunda ni na bi shi. Na san in bakina ya buɗe a ofishin nan, mutumin ya hau saman takarda ke nan, kuma a shekarunsa ba wani kafil, wato uban gidan da ke tsaya wa baƙo a ba shi biza, da zai sake ɗaukarsa.

Sai ga Kyaftin ya tsallako ƙofa da tawul a wuya. Ya dubi kayansa a baje, ya dube ni. Na kama duban silin kamar ni na kafa shi.

Kawu ya ɗaga maɓallin. "Malam, wannan na waye?"

"Naka ne, Alhaji. A bakin famfo na tsince shi."

"Me za ka yi da shi? Me kake yi da sawun mutane?"

Sai da aka maimaita masa ta kunnen dama kafin ya gane zargin. Bai yi fushi ba, ya dai zauna a bakin gado kamar an ɗora masa buhu. Ya ce a jirgin, kafin a tashi jirgi ko ɗaya, ana busa kira, kowa ya hau sama, manya da ƙanana, har masu anini a kafaɗa. A jeru kafaɗa da kafaɗa daga wannan gefe zuwa wancan, a taka a hankali tun daga goshin jirgin har wutsiyarsa, ana tsince duk abin da ido ya gani. Domin injin jirgin sama zuƙar iska yake kamar maye, in ya haɗiye ƙusa ɗaya sai ya farfashe daga ciki. Shi ya sa ba a hawa da komai a aljihu. Ya ce wata rana an yi layin cikin gaggawa, wani ɗan noti ya tsere wa idanu, injin ya haɗiye shi ya watso ƙarafa. Wanda ke kwana a gadon samansa yana tsaye kusa. An ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu, gadon ya zauna ba kowa har suka koma gida.

Ya ce, "Ina cikin layin ranar. Ban sani ba ko ta gabana notin yake."

Ɗaya daga cikin 'yan ɗakin ya koma ya zauna. Ni kuma bakina da ba ya iya zama ya ce, "Kawu, ni dai kwana tara ina bin sa, ban ga ya ɗebi ƙasa ba. Ƙusoshin nan ma rabi ni na tsinto." Kawu ya yi mini kallon da ya ce zan gamu da kai, zan kuma kira uwarka.

Gaskiya ban ce na yarda da labarin duka ba. Ko da Kofin Duniya ya zo, aka jera manyan jiragen ruwan kwanan baƙi a tashar Doha, na ja Kyaftin muka je kallo don in ga ko zai rikice. Ya dubi ɗaya ya taɓe baki ya ce wannan ai otal ne. Ban kama shi ba, ban kuma wanke shi ba. Amma ranar Juma'ar nan Kawu bai sauka da sauƙi ba, yana tsaye da takalmi ƙafa ɗaya, maɓalli a hannu.

Ya ce, "To mun ji, a ce ma gaskiya ne. Wancan teku ne, wancan yaƙi ne. Nan Sana'iyya ce, Malam. Wane jirgi ne zai tashi a tsakar gidan nan? Nan ba jirgi ba ne!"

Amsar da ya samu ita ta sa ya zare takalmin, ya nemi zare da allura, ba a kuma sake ambaton kambos a ɗakinmu ba. Kyaftin yana mayar da ƙusoshinsa gwangwani ɗaya bayan ɗaya, bai ko ɗago ba, ya ce:

"Alhaji, kana kwana gado a kan gado, kana cin abinci a layi, ana yaƙi da abin da ba ka gani, an ɗauke na kusa da kai ba a gaya maka komai ba, ba ka san ranar sauka ba. In ba jirgi ba ne, yalla, buɗe get ka taka ƙasa mu gani."