Robar Birkin Ɗan Fari

Ban taɓa hawa keke ba. Keken da zan ba da labarinsa ma ban taɓa ɗora hannu a kansa ba sai bayan ya lanƙwashe. Da kunne na san shi. Ina cikin gida a Wudil, ina tankaɗe ko ina kaɗi, shi yana waje, katanga a tsakaninmu.

Na ɗan farina ne. Mu a zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in magana ta kama dole sai ta bi ta bakin wani. Ranar da aka yaye shi yayar ubansa ta zo ta goya shi ta tafi da shi gidanta, wanda katanga ɗaya ce ta raba shi da namu. Shi Gwaggo yake ce mata, ni kuwa Yaya nake ce mata. Ita ta yi masa wanka, ita ta kai shi makarantar allo, ita ta yi jinyar kaciyarsa. In ya shigo gaishe ni sai ya durƙusa a bakin ƙofar ɗaki, in amsa ina kallon faifan da ke hannuna. Har yabona ake yi. In an zauna gidan suna sai a ce wa sababbin amare su dube ni su koyi kunya.

Da ya zama saurayi, ana sauran 'yan shekaru Turawa su miƙa mulki, sai ya samu aiki wajen wani alhaji mai sayen gyaɗa. Aikinsa shi ne ya riga 'yan aiken sauran masu saye isa ƙauye, ya kama manoma da baki tun ba su yi alkawari da wani ba. Yau Achika, gobe Kausani, jibi Ɗankaza. Duk wanda ya fara isa shi ke da buhunan. Saboda haka alhajin ya sayo masa keke daga birni, kore, mai giya uku, irin wanda ba a taɓa gani ba a unguwarmu. Samari suka ce in ya saki ƙafa a kan titi ko motar bature sai ta yi da gaske. A zauren ubansa yake ajiye shi, don namu ne mai ƙyaure da sakata.

A kaka ɗaya ya cinye robar birkin da keken ya zo da ita. Ina da ƙane tela, rumfarsa na jikin ta mai gyaran keke a bakin kasuwa, shi ya ba ni labarin yadda aka yi zaɓen sabuwa. Wai mai gyaran ya ajiye masa iri biyu a kan buhu. Akwai ta kanti, mai laushi, wadda ke kama wili shiru. Akwai wadda ake yankowa daga tsohuwar tayar babbar mota, mai tauri, ita ba ta kamu sosai amma in aka matse ta sai ta yi wani dogon kuka kamar an taka wa kare wutsiya. Yaron nan ko duba ta kanti bai yi ba. Ya ce mai kukan yake so, don tun daga bayan gari manoma za su ji ta su san ya iso. Ƙanena ya ce masa ai 'yan matan bakin rijiya ma manoma ne, aka yi dariya, aka ɗaura masa.

Ba zan ɓoye ba, nima na so kukan nan. Da can ba ni da hanyar sanin ya dawo ko bai dawo ba sai in na ji muryar Yaya tana yi masa sannu. Yanzu kuwa da la'asar ta yi sanyi sai in rage ƙarfin daka. In na ji ƙiiii a ƙofar gida sai in sauke numfashi, in ɗebi tuwo a akushi in aika gidan Yaya, a ce ragowa ce.

To, mai saurare kullum shi ke jin canji. Da farko a ƙofar zaure kukan ke tashi, a nan yake mutuwa. Sai ya fara tasowa daga wajen rijiya. Kafin a gama ɗibar gyaɗa, tun daga kwanar masallaci nake jinsa, yana ja, yana ja, ƙarshensa kuma in ji ƙarar takalmi yana kartar ƙasa. Ban san ƙarfe ba, amma na san abin da ke tsayawa da ƙafa ba birki ne ya tsayar da shi ba.

Na fara gaya wa ubansa, yana cin abinci, a hankali, ban ambaci kowa ba, na ce keken zaure kamar ba ya tsayawa da wuri. Ya ɗago ya dube ni, ya tambaye ni yaushe na fara sa ido a kan abin da ba nawa ba. Ya ce yaro yana da mai kula da shi. Sai na je wajen mai kulawar. Yaya ta saurare ni har ƙarshe tana murmushi. Sai a wani gidan suna, mata cike da tsakar gida, ta tafa hannu ta ce su zo su ji, wai mai kunyar unguwa ashe kunnenta na jikin katanga, har ta san daga inda birkin ɗan fari yake fara kuka. Aka yi shewa. Wata tsohuwa ta ce saura in fara kiran sunansa. Na yi murmushi tare da su, don shi ne abin da ake jira in yi.

Lokacin ban iya rubutu ba. Ajin yaƙi da jahilci na mata sai daga baya ya iso mu. Abin da nake da shi zare ne, wanda na daɗe ina kaɗawa da niyyar a saƙa mini zane. Na ba ƙanena ya sayar, na ce ya sayo ta kanti, mai laushin. Ya kawo mini su naɗe a ƙyalle, guda huɗu, baƙaƙe, kowace kamar ɗan yatsa, biyu na gaba biyu na baya. Ya kuma kawo saƙon mai gyara. Wai a canza duka huɗun rana ɗaya. In kuma biyu za a sa, to na baya ake fara sawa. Sabuwa a gaba, mai tauri a baya, in aka matse da gudu, gaban zai kafe, bayan ya ɗaga, keke ya jefar da mai shi. Na sa ya maimaita mini har na riƙe.

Na ce masa ya kai wa yaron da kansa. Ya ce in ya fito daga hannunsa kowa zai san daga ɗakin da ya fito, kuma Yaya za ta ce dangin uwa sun tsallake ta. Gaskiya ya faɗa. Don haka na same ta ita kaɗai a madafi, na durƙusa, na miƙa mata, na roƙe ta ta ce ita ta saya. Na faɗa mata saƙon, na sake faɗa. Ta ƙulle su a bakin zane ta ce ta ji, ta ji, sai ka ce ba ita ta raini yaron ba.

Da yamma ina jikin katanga lokacin da ta ba shi. Na ji yana ta godiya, yana cewa Gwaggo ashe tana lura da shi haka. Ta ce wa yake da shi in ba ita ba. Suka shiga hirar wata yarinya da yake nema. Na tsaya ina jiran maganar robar baya har miyata ta kama, ba ta zo ba.

Ran Alhamis da la'asar na ji keken ya dawo. Kukan yana nan, amma gajere, ƙit, sai tsayawa. Gabana ya faɗi. In da duka ya canza da ban ji komai ba. Ya sa sabuwa a gaba inda za ta tsayar da shi, ya bar tsohuwa a baya inda za ta yi masa kuka. Dabarar yaro ce, kuma da kansa ya ɗaura, bai koma wajen mai gyara ba.

Washegari Juma'a, ranar kasuwa. Da hantsi ya shigo gaisuwa, ya durƙusa inda ya saba. Yaya tana tsakar gidan ta zo aron rariya, ubansa yana zaune a kan buzu. Na amsa gaisuwar, sannan na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi magana a kansa yana wurin. Na ce, “Yaya, kin gaya wa yaron nan maganar ta baya?”

Ta ce, “Ya sani. Ke dai ki ji da tankaɗenki.”

Ubansa ya yi gyaran murya. Shi kuwa yaron, da yake an koya masa kada ya tsaya sauraren maganar da uwarsa ke yi, tuni ya miƙe kansa a ƙasa. Na ji ya zare sakata, na ji ƙararrawa.

Abin da ya faru a bakin mutane na ji shi. Yana saukowa gangaren da ke zuwa kogi, ana koro shanu zuwa kara, wani bijimi ya ɓalle ya gitta masa. Ya damƙe hannu biyu. Wai keken ya tsaya cak kamar an kafa shi, shi kuwa ya tashi ta saman kan keken ya sauka da ƙugu a kan dutse. A kan ƙyauren wani shago aka ɗauko shi. Suka wuce ta ƙofar gidanmu, ina jin sawunsu da salatinsu, suka shiga da shi gidan Yaya.

Aka kira maɗori. Ina zaune a gindin katanga ina jin ana jan ƙafar, ina jin muryarsa, Gwaggo yake kira. Mata suka yi ta shiga can suna jaje. Waɗanda suka biyo ta wajena ba jaje ya kawo su ba, sun zo su ga ko zan yi kuka ne. Ban yi ba. Na dama kunu na aika, na yanka kazata na aika. Suka fita suna cewa wallahi mace ce, ko idonta bai kaɗa ba.

Da aka kai keken wajen mai gyara, ya duba ya ce wa ya yi wannan ɗaurin, ai ya aiko da gargaɗi. Magana ta fara yawo, ana tambayar wa ya kawo robar, wa ya riƙe saƙon. Nan Yaya ta kwance bakin zanenta. Ta ce ita me ta sani game da roba, tsohuwa da ita? Uwarsa ce ta sayar da zare ta sayo a ɓoye, ita dai an ba ta ta miƙa. Godiyar ta karɓa ta cinye, da abin ya ɓaci sai ta dawo mini da sunana. Tsofaffin unguwa suka ce to ga shi nan, dama ba banza iyaye suka hana ba, idon uwa a kan ɗan fari nauyi gare shi. Aka daina nuna ni ga amare. Ubansa ya yi kwanaki ba ya cin tuwona. Duk tsawon rayuwar yaron nan, na aika masa tuwo, na aika riga, na aika maganin shawara, kowanne da sunan wani ya isa. Abu ɗaya tak aka taɓa ce masa daga uwarsa ya fito, shi ne wanda ya karya shi.

Ƙashin ya haɗu, amma ƙafar ta gajarce. Alhajin gyaɗa ya zo ya duba shi sau ɗaya, ya yi addu'a, ya ba wani keken bayan an miƙe shi. Yarinyar da yake nema aka ba wani. Ƙanena ya ɗauke shi ya zaunar a rumfa yana koya masa ɗinkin hula.

Sai da damina ta sauka ya iya shigowa gidanmu. Na ji sanda, na ji ƙafa ɗaya tana ja. Ya kasa durƙusawa, sai ya jingina da bango a bakin ƙofa. Ba kowa a tsakar gidan. Ya gaishe ni, na amsa. Ya sa hannu a aljihu ya ajiye wani abu a kan dokin ƙofa, ƙyallen nan ne, da sauran biyun a ciki, ko ƙura ba su taɓa ba.

Ya ce, “An ce ke kika saya.”

Na ajiye faifan. Na dube shi sosai, na ga ashe yana da ɗan tabo a gira, ban san yaushe ya same shi ba. Na ce, “Huɗu ne. Duka ake sawa. In biyu ne, na baya ake fara sawa.”

Ya dubi ƙyallen. Sannan ya ce, “Ba wanda ya gaya mini.”

Na ce na sani.

Muka ji muryar Yaya ta bayan katanga tana kiransa, wai kununsa zai huce. Ya gyara sandarsa ya juya. Na bi sawunsa da kunne har zaure, kamar yadda na saba, sai dai yanzu yakan daɗe kafin ya kai.